Abin da Laka Ta Riƙe

Tun ruwa bai janye ba muka bar Gosaba,
ni da injina mai tari kamar tsohon mashayi,
da Dakta Paromita, takalmin roba har gwiwa,
da ɗalibinta Subol, wanda ya fara amai
tun ana hango fitilun gari.

Shekara talatin ina shiga dajin nan.
Na nemi zuma, na nemi ƙaguwa,
na sari itace a ɓoye, Allah na tuba,
amma ban taɓa ganin wanda ya biya kuɗin mai
don ya zo ɗibar laka ba.

Ta ce in tsaya inda saiwoyin sundari
suka tsattsago daga taɓo tsaye-tsaye,
suna numfashi da hanci dubu.
Na ɗaure jirgi, na zuba ido ga duhuwa,
don damisa ba ta karanta takardar digiri.

Suka kafa bututun ƙarfe, suka murɗa, suka danna,
suna nishi, sai da na sa hannu.
Ya fito da laka tsawon mutum,
baƙa wuluk, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai.
Subol ya toshe hanci. Ita ko dariya ta yi:
"Warin nan ne shaidar ajiya na nan.
Iska ba ta kai ƙasa, ganye bai gama ruɓewa ba."

Wai hayaƙin motocin Kolkata,
da na masaƙu, da na injin nan nawa,
ganye ke shanyewa da rana, ya mai da shi jiki.
In ya faɗi, ruwa ya yi masa sutura,
laka ta binne, ba liman, ba makoki.
Ta ce sunan abin kabon.
Na ce, gawayi ke nan da bai ga wuta ba.
Ta dube ni, ta ciro biro daga gashinta,
ta rubuta.

Sai yanka, kaurin yatsa biyu-biyu,
kowane gunduwa da ledarsa da lambarsa.
A can birni za su shanya, su auna,
su ƙone a tanderu, su sake ɗorawa kan sikeli.
Abin da ya ɓace tsakanin awo da awo,
shi suka zo nema.
Ban taɓa jin ciniki irin wannan ba,
inda asara ce riba.

A taki na uku wuƙa ta ce ƙas.
Ta sa yatsa ta tono, ta ɗauraye a kogi:
gutsuren awarwaro ne, fari, na kodi,
irin wanda matanmu ke sawa ranar aure
ba su cirewa sai miji ya mutu.

Ta ƙirga zurfi da murya ƙasa-ƙasa,
ta ce shekara saba'in, ko da 'yan kai.
Na dubi gaɓa. Babana ya sha nuna mini nan da sanda:
can gonar shinkafa, can tafki, can ɗakin uwata.
Dare ɗaya guguwa ta yi.
Ban ce nata ba ne.
Mata nawa ne a tsibirin, kowacce da hannu biyu.

Dakta ta ce kodi yakan ɓata musu lissafi,
dole a ware shi kafin awo.
Ta naɗe a gyalenta, ta miƙo mini,
ba ta kalli fuskata ba, na gode mata da wannan.

Ruwa ya fara dawowa yana lashe sawunmu.
Na ja igiya sau huɗu kafin injin ya amsa,
ya tofar da baƙin hayaƙi cikin rassa.
Na ce, Dakta, na yau kaɗai,
laka nawa zai ci?

Ta buɗe baki, ta rufe.
Ta gyara zaman akwatin ledojin a kan cinyarta,
ta ce in rage gudu, kar su jiƙe.